Gyara a Ƙa'idar Baffa ta Huɗu

3 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata Dakta,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya ƙalau, in ban da idona na hagu da yanar ido ta rufe. Likita ya ce sai an yi aiki, amma bai sa rana ba tukuna. Gwaggonki tana gaishe ki, ta ce gwiwar ta yi sauƙi tun da ta daina hawa bene.

Jiya mahaifiyarki ta zo ta tambaye ni inda maganar aikinki ta kwana. Ba na son in ba ta amsa da ka, saboda haka na tsara al'amarin a rubuce yadda na fahimce shi. In na yi kuskure ki gyara mini.

Shekara uku ke nan da jami'ar can ta ɗauke ki aikin wucin gadi a sashen lissafi, kuma wa'adin zai ƙare a ƙarshen Yuni. Ranar ashirin ga Mayu kwamiti zai zauna ya yanke ko a tabbatar da ke ko a sallame ki. Kujera ɗaya ce, ku uku kuke nema. Abin da kwamitin zai fi dubawa shi ne babbar maƙalarki. A rabinta na farko kin lissafa tsawon lokacin da madatsar ruwa za ta ɗauka kafin ta tumbatsa, alhali ruwa yana shiga yana fita ba bisa tsari ba. A rabi na biyu kin faɗaɗa sakamakon ya haɗa da duk wani abu mai hawa da sauka babu tabbas. Yanzu editan mujalla ya rubuto miki cewa masu tantancewa biyu sun karɓe ta, saura bugawa. In haka ne, mafi wuyar aikin ya wuce, kuma haka na gaya wa mahaifiyarki.

Ni da marigayi mahaifinki kakanninmu ne wa da ƙane. A wasu gidajen irin wannan zumunci da tuni ya tsinke. Namu lissafi ne ya riƙe shi, tun ranar da kika aiko mini da tambaya a takardar da kika yago daga littafin makaranta, kina da shekara goma sha huɗu. Na koyar da lissafin yiwuwa shekara talatin da takwas kafin in yi ritaya, ban taɓa zaton magajin zai fito daga cikin dangi ba.

Na lura a shafi na goma sha ɗaya kin kafa hujja da ƙa'ida ta huɗu ta tsohuwar maƙalata. Gwaggonki ta ce ranar da na gani har waƙa ta ji ina yi a ɗakin karatu. Ban amince da wannan shaida ba.

Ki amsa a rubuce kamar yadda muka saba. Kunnena ba ya ɗaukar lissafi ta waya, kuma abin da ba a rubuta ba, ba a iya komawa a duba shi.

Naki,
Baffa

*

17 ga Fabrairu

Baffa,

Ina gaisuwa tare da fatan alheri. Allah ya ƙara lafiya, ya kawo sauƙin idon nan. A gaishe mini da Gwaggo, a ce ni na yarda da shaidarta.

Duk abin da ka tsara daidai ne, sai abu ɗaya da ya canja bayan takardata ta baya. Na rubuta wa edita na roƙe shi ya dakata da buga maƙalar.

Kwamiti yana bukatar kowannenmu ya gabatar da lacca ta awa ɗaya. Ranar Asabar na shiga wani aji da babu kowa, na ɗauki alli, na fara bin maƙalar daga farko kamar ina koyar da ita. Allo uku na cika ina gogewa. Da na zo shafi na goma sha ɗaya na tsaya, kuma har yau ban wuce wurin ba.

Shugaban sashe ya kira ni ofis da ya ji labari. Ko kujera bai nuna mini ba.

Ya ce, “Dakta, kin san abin da kika yi kuwa? Mutane shekara biyu suke layi a mujallar nan.”

Na ce na sani.

Ya ce, “Masu tantancewa sun ce da matsala?”

Na ce ba su ce ba.

Ya ce, “To wa ya ce?”

Na ce ni.

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce a aikinsa ya ga malamai suna faɗa da masu tantancewa don an ƙi maƙalarsu, amma bai taɓa ganin mai faɗa da su don sun karɓa ba.

Baffa, ina roƙonka kada ka tambaye ni bayani yanzu. Laifin nawa ne, ni ce ban duba abin da ya kamata in duba ba. Ka ba ni lokaci in tabbatar. Mai yiwuwa ni ce ban gani da kyau ba, kuma haka nake fata.

'Yarka

*

2 ga Maris

Zuwa ga 'yata Dakta,

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso, kuma ba zan ɓoye miki ba, ba ta yi mini daɗi ba. Lafiyarmu tana nan yadda kika sani.

Na ɗauko maƙalarki da gilashin ƙara girman rubutu, na bi shafi na goma sha ɗaya sau uku da idon da ya rage mini. Kowane layi ya biyo na gabansa. Babu alamar da ta kauce, babu matakin da kika tsallake. Abu ɗaya ne a shafin da ba ke kika fitar da shi ba, shi ne ƙa'idata ta huɗu, ita kuwa shekara talatin da huɗu tana tsaye, kuma kafin ke mutum bakwai sun yi gini a kanta. Saboda haka matsalar ba a shafin take ba.

Na san wannan ciwon. Sati biyu kafin ki kare digirinki na uku kin rubuto mini cewa babi na biyar ya rushe, a ɗage zaman. Na duba, babin lafiyarsa lau, ke ce barci ya ƙaurace wa. Kullum in kika kusa bakin ƙofa sai ƙafarki ta yi sanyi. Wancan karon akwai lokacin lallashi. Wannan karon akwai mutum biyu a bayanki da ba za su tsaya jiran ki ba.

Tun kina ƙarama abin da na koya miki shi ne, kada ki jingina da abin da ba ki bi shi layi-layi da hannunki ba. Ban koya miki ki rushe abin da kika riga kika bi ba. Tsantseni daban, tsoro daban, kuma mai bincike dole ya san wanne ne yake magana a cikin zuciyarsa.

Na ga wajibi ne in sanar da mahaifiyarki, tunda ni na ba ta albishir da bakina. Ta yi kuka. Ta ce in ja miki kunne, kuma abin da nake yi ke nan.

Ki rubuta wa edita a wannan makon, ki ba shi haƙuri, ki ce ya ci gaba da bugawa. In har kina da wani dalili da ya wuce fargaba, ki rubuto shi da alamominsa yadda mai lissafi yake yi, ba da kewaye-kewaye ba.

Naki,
Baffa

*

14 ga Maris

Baffa,

Ina gaisuwa. Allah ya huci zuciyarka. Ka ce in rubuto dalili, ga shi, kuma na rubuta wannan takarda sau huɗu ina yagawa.

A ɗauka mutum yana tsaye a kan doguwar hanya. Ana jefa kwabo sama. In kwabon ya faɗi ta fuska ɗaya sai mutumin ya yi gaba, in ta ɗayar sai ya yi baya. Ba a fifita gaba a kan baya ba. Ƙa'ida ta huɗu ta ce a irin wannan tafiya, duk dokar da aka bi wajen tsayar da shi, muddin ba a daɗe ana jira ba, in aka maimaita sau da yawa aka ɗauki matsakaici, za a same shi a inda ya fara.

To a ce takunsa na farko ɗaya ne. In ya yi baya, na biyu ya zama biyu. In ya sake yin baya, na uku ya zama huɗu, haka yana ninkawa. Dokar tsayawa kuma ita ce, da zarar ya yi gaba sau ɗaya a tsayar da shi. Baya ɗaya, baya biyu, gaba huɗu: ya tsaya taku ɗaya gaban inda ya fara. Baya ɗaya, gaba biyu: haka. Ko ta ina aka bi, a nan yake tsayawa. Jiran kuma gajere ne, a matsakaici jifa biyu. Duk sharuɗɗan ƙa'idar sun cika, amma abin da ta faɗa bai faru ba.

A wannan siffa kowa zai gani. A maƙalarka abin ya ɓuya ne a layi na shida na hujjar, inda ka rubuta “a bayyane yake”. Wurin yana bukatar sharaɗin cewa tsawon taku yana da iyaka, kuma ba a faɗe shi ba. Na haɗo cikakken lissafin a shafi biyu.

Maƙalata ta dogara da ayyukan mutum ashirin da biyu. Ashirin da ɗaya na bi su layi-layi kamar yadda ka koya mini. Naka kaɗai ban bi ba. Na ji nauyi, kamar in tsayar da kai a ƙofar gidanka in ce ka nuna mini shaidar kai wane ne. Wannan shi ne laifin da na ce nawa ne.

Rabin maƙalar da ya shafi madatsa zai tsira, domin ruwa ba ya iya tashi fiye da zurfin madatsar a lokaci ɗaya, iyakar tana nan da kanta. Rabi na biyu ba zai tsira ba.

Ban gaya wa kowa inda matsalar take ba, har shi edita. Ya ba ni zuwa ƙarshen Afrilu, ko in aiko da gyara tare da bayanin dalili, ko in janye. Ba zan iya rubuta bayanin ba sai na ambaci sunanka, kuma ba zan ambata ba sai da izininka. In kuma ni ce na yi kuskure, ka nuna mini, wallahi zan fi kowa murna.

'Yarka

*

9 ga Afrilu

Baffa,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya kai da Gwaggo.

Yau kwana ashirin da shida da na aika takardata. Tunda muka fara rubuta wa juna ba ka taɓa wuce sati biyu ba. Na san ba ka son waya, duk da haka na kira sau uku, a kashe take. Na kira Mama, abin da ta ce kawai shi ne, “Ki bar Baffanki ya huta,” ta ajiye.

Na fahimta. Ba sai ka rubuta ba.

Na yanke shawara zan janye maƙalar gaba ɗaya ranar ashirin da takwas ga wata, in ce wa edita dalili ne na kaina. Babu wanda zai ji sunanka daga bakina. Ba zan iya barin a buga ta yadda take ba, ka yafe mini wannan, amma ba zan tsaya gaban baƙi in nuna kuskuren wanda ya koya mini riƙe alli ba.

Ba tare da maƙalar ba na san yadda zaman kwamiti zai kaya. Na karɓo kwalaye daga mai shagon ƙasan gidanmu, na fara ɗaure littattafai. Akwai makarantar sakandare a bayan tashar jirgin ƙasa da ke neman malamin lissafi. Aiki ne mai mutunci, kuma ina son yara.

Abu ɗaya nake roƙo. In fushin ya sauka, ko layi ɗaya ne ka rubuto mini yadda idon yake.

'Yarka

*

19 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Dakta,

Bayan sallama. Na sa Gwaggonki ta kira ki yau da safe ta ce kada ki janye, kuma na ji ihunki daga inda nake zaune, duk da kunnen nan nawa. Ga cikakken bayani, na aiko shi ta hannun masu kai saƙon gaggawa.

Ba fushi na yi ba. Ranar ashirin da ɗaya ga Maris asibiti suka kira cewa wani ya fasa, in zo a yi mini aikin ido washegari. An yi, kuma an dace. Likita ya hana ni karatu da rubutu sati uku. Ni na hana a gaya miki, har na sa mahaifiyarki ta yi mini alkawari, don kada hankalinki ya rabu gab da zaman kwamiti. Na yi zaton ina kare ki ne. Wannan ne kuskurena na farko.

Takardarki ta sha huɗu ga Maris ta iso ina kwance da auduga a ido. Kwana biyu na daure, a na uku na ce Gwaggonki ta karanta mini. Ta fara da shafukan lissafin.

Ta ce, “Ga wani abu kamar ƙugiyar rataye nama, da ƙaramin takwas a kwance a kansa.”

Na ce ta bar wannan, ta karanta wasiƙar.

Ta karanta labarin mutumin da ke kan hanya, a hankali, tana ƙirgawa da yatsu. Sai ta tsaya ta ce, “To ai wannan bawan Allah kullum a gaba yake tsayawa.”

Na ce, “Ƙa'ida ta ce ba zai yiwu ba.”

Ta ce, “Ƙa'idar wa?”

Na ce tawa.

Ta ce, “To Malam, ko dai ba ta taɓa haɗuwa da shi ba? Ni dai ga shi ina ganinsa.”

Na ce ta ninke takardar ta ajiye. Wannan ne kuskurena na biyu, domin ba ta kai ga sakin layi na ƙarshe ba, ban ji maganar ƙarshen Afrilu ba, ban kuma ji cewa izinina kike jira ba. Na ɗauka akwai lokaci, kuma ban saba yanke hukunci a kan lissafin da ban bi da hannuna ba. Sati biyu da rabi na yi a kujera ina tafiya da mutumin nan a cikin kaina, ina neman inda zan kama shi. Ban samu ba.

Ranar da aka ba ni izinin karatu na sa aka sauko da akwatin tsofaffin littattafaina na rubutu. Na sami na shekarar. Ga layi na shida da rubutuna, “a bayyane yake”, har na ja masa layi a ƙasa. Na tuna lokacin. Duk misalan da nake aiki da su a shekarar masu gajeren taku ne, sai na ɗauki abin da na saba gani a matsayin abin da dole ya kasance. Kwana huɗu na yi ina bin shafukanki biyu, ban kalli wasiƙar ba don na ɗauka na riga na ji ta. Jiya takardarki ta tara ga wata ta iso, sai na koma na karanta ta farkon har ƙarshe.

Kin yi daidai. Ƙa'ida ta huɗu, yadda na rubuta ta, ba gaskiya ba ce.

A takardata ta biyu ga Maris na ce miki na bi shafin sau uku. Na bi naki, na tsallake nawa, daidai wurin da kika tsallake. Ke kunya ta hana ki, ni kuwa ban san sunan da zan ba nawa dalilin ba in ba girman kai ba. Na kira ki matsoraciya alhali ke kaɗai ce a cikinmu kika tsaya kika duba. Ina neman afuwarki.

Na rubuta sanarwar gyara, shafi ɗaya, na aika wa mujallar da ta buga maƙalata. A ciki na faɗi sharaɗin da ya ɓace, na kawo misalinki, na ce ke kika gano. Ga kwafi. Ki aika wa editanki tare da maƙalar da kika gyara, ki yanke rabi na biyu ba tare da jin zafi ba, ki ambaci sunana a inda ya kamata. Wannan ba izini ba ne kawai, umarni ne.

Maganar makarantar bayan tasha kuma a jingine ta.

Naki,
Baffa

*

23 ga Mayu

Baffa,

Ina gaisuwa da murna. Alhamdu lillahi da idon ya buɗe. A ce wa Gwaggo in ta yarda zan sa sunanta cikin masu tantance maƙalata ta gaba.

An tabbatar da ni. Na fara da wannan don kada ka sa a ninke takardar kafin a kai ƙarshe.

Na aika gyaran ranar ashirin da shida ga Afrilu. Edita ya amsa da layi biyu, ya ce ya gode, amma dole maƙalar ta koma hannun masu tantancewa. Saboda haka ranar zama na shiga da maƙala mai shafi ashirin da shida maimakon arba'in, wadda kuma ba a karɓa ba tukuna.

Ɗakin ƙarami ne, a hawa na uku, teburi ɗaya dogo da mutum biyar, tagar ba ta rufuwa sosai. Bayan lacca wani daga cikinsu ya ɗaga tsohon kwafin da sabon, ɗaya a kowane hannu, kamar mai awo. Ya ce abin da ya burge shi a aikin shi ne rabin da na yanke. Na ce ni ma haka.

A ƙarshen teburin akwai wata tsohuwar farfesa da aka gayyato daga wata jami'a.

Ta ce, “Wa ya tilasta miki ki dakatar da bugawa?”

Na ce babu.

“Da kin yi shiru, wa zai gani?”

Na ce wataƙila babu, na wasu shekaru.

Ta ce, “Je ki allo ki nuna mini ramin.”

Na zana hanya, na tsayar da mutumin. Kafin in kai taku na uku ta ɗaga hannu ta ce ya isa. Ta ce ta karanta maƙalar nan taka tana ɗaliba, kuma ta koyar da ƙa'idar a aji fiye da sau goma. Ta tambaya ko marubucin yana raye, ko ya sani. Na miƙa mata sanarwar gyaran. Ta karanta, ta dubi sunan, ta dube ni.

Na ce, “Baffana ne.”

Ta ce, “Kuma har yanzu yana amsa gaisuwarki?”

Na ce shi ya umarce ni. Ta yi dariya har da tari.

Jiya da rana shugaban sashe ya leƙo ofishina da takardar hukuncin kwamiti a hannu. Ya ce ƙuri'a uku da biyu aka yi, kuma kada in sake yi masa irin wannan, zuciyarsa ba ta yaro ba ce. Na zauna a kan kwalin littattafai na yi kuka, sannan na tafi aji.

Akwai abin da bai yi daɗi ba. Na bi ayyukan mutum bakwai ɗin nan. Shida za su tsira da ƙaramin gyara. Na bakwai na tsohon ɗalibinka ne, wanda ka ba shi digiri na uku a shekararka ta ƙarshe. Gaba ɗaya a kan dogon taku ya yi gini. Na juya shi ta kowace fuska, ban ga yadda za a ceto shi ba.

'Yarka

*

6 ga Yuni

Zuwa ga 'yan'uwa baki ɗaya, manya da ƙanana,

Bayan sallama da fatan kowa yana lafiya shi da iyalinsa. Na gode wa duk waɗanda suka zo dubiya. Idon ya warke, ina karatu ba tare da gilashi a hannu ba.

Na rubuta wannan ne a kwafi shida, gida-gida, domin wata magana ta iso kunnena, kuma tunda daga bakina ta samo asali, ni ya kamata in kashe ta.

A watan Maris na gaya wa mahaifiyar Dakta cewa 'yarta tana neman watsar da aikinta saboda tsoro. Wannan ba daidai ba ne, ni ne ban fahimta ba. Daga baya maganar ta canja kama, har na ji ana cewa yarinyar ta tsaya gaban baƙi ta ƙaryata ni don ta sami kujera. Wannan ya fi na farko nisa da gaskiya. Abin da ya faru shi ne, shekara talatin da huɗu da suka wuce na yi kuskure a wani lissafi, aka buga shi, mutane suka dogara da shi. Ita ta gano. Ta ɓoye wata biyu, ta kusa rasa aikinta don ta rufa mini asiri, kuma ba ta buɗe baki ba sai da na umarce ta a rubuce. A sana'armu wanda ya nuna maka kuskurenka tun kana raye ka gyara da hannunka ya yi maka alherin da ba kowa ke samu ba. Jami'arta ta tabbatar da ita a aiki. Maƙalarta tana hannun masu dubawa, muna sa ran alheri.

Sauran aikin nawa ne. Na rubuta wa mutum shida da kuskuren ya shafa. Na bakwai ɗalibina ne, kuma nasa ba abin da ake faɗa a takarda ba ne. Ranar Litinin zan hau mota in je in same shi, in zauna da shi har mu ga abin da za a iya ginawa daga abin da ya rage. Ba zan yi ƙasa da sati biyu ba. Gwaggo za ta kasance ita kaɗai a gida, ina roƙon a riƙa leƙa ta.

Na kuma ji cewa wasu daga cikin manya sun shirya, in Dakta ta zo hutu a watan Agusta, za su rako ta gidana ta durƙusa ta ba ni haƙuri. Na san da kyakkyawar niyya aka yi, kuma na gode. Amma ina roƙo da girmamawa a janye wannan shiri. Kada a kawo mini ita a matsayin mai laifi, kada a yi mata faɗa a gefe, kada kuma a sake kiran mahaifiyarta ana yi mata jaje. Duk wanda yake son zuwa ranar, ƙofa a buɗe take, ya zo ya zauna ya zama shaida. Za a ba da haƙuri a ɗakin, amma ni zan bayar.

Ina neman haɗin kan kowa da kowa a kan wannan, kuma ina fatan ba sai na sake rubutawa ba.

Naku,
Baffa